Darasi: Dattijon Mai Bishara a Lokacin Annoba

Karatu: Filibiyawa 2:25-30

'Yan'uwa cikin Kristi, an fara tabbatar da ɓullar cutar korona a Najeriya ran 27 ga Fabrairu, 2020, a watan Afrilu kuma aka same ta a Jihar Katsina. An hana taro, an rufe majami'u. Jiragen ƙasashen waje sun daina jigilar fasinja daga Maris har Satumba.

Mu tuna da dattijon mai bishara da ke baƙunci a birnin Katsina a lokacin. Ba hanyar komawa gida, ba ziyara, ba kasuwa. Cutar kuwa ta fi yi wa tsofaffi illa, musamman masu hawan jini da ciwon sukari. Wa zai kai masa hatsi da magani?

Sa'ad da Bulus yake tsare, ikilisiyar Filibi ta aika masa Abafaroditas da gudummawa. Ɗan aiken ya yi ciwo har ya kusa mutuwa, amma saƙo ya isa.

Da sanyin safiya ake kama fara. Kowace ikilisiya ta rubuta sunayen dattawanta da baƙinta, ta ware hatsi da kaka, ta naɗa matasa biyu masu leƙa su.

Tambaya: Wane ne Abafaroditas a ƙauyenmu?