Amanar Malamin Zaɓe

Amana da imani tushensu ɗaya ne a Larabci, don haka mai cin amana imaninsa yake rauna. Duk wanda Hukumar Zaɓe ta Jihar Kano ta danƙa wa akwati a Karaye ko Rogo, kamar a zaɓen ƙananan hukumomi na 2024, amana ya ɗauka. Aya ta 58 cikin Suratun Nisa'i ta wajabta mayar da amana ga masu ita. Sa hannu a takardar sakamako shaida ce; ƙara ƙuri'a ko rage ta kuwa shaidar zur ce, tana cikin manyan zunubai. Kuɗin ɗan takara rashawa ce, ko an kira shi goro. In aka matsa masa ya sauya lissafi, to, ya ƙi sa hannu. Allah Ya kiyaye, amin.