Daga Madekali Zuwa Bakin Teku: Sharuɗɗan Tafiya da Yara

An ba da babban hutu a lakwal, an sayar da shinkafar rani, maigida ya ce bana zai kai iyali Kwatano su ga teku. Madalla. Yaron Madekali ya san Gaya da Illo fiye da yadda ya san kudancin ƙasarsa, kuma hakkinsa ne a nuna masa inda ƙasar ta ƙare. Amma tafiyar sama da kilomita 700 da ƙananan yara ba wasa ba ce. Maigida da uwargida, ku saurara, ba zan sassauta muku ko ɗaya ba.

Kada ka bar 'yan mata a gida. Da wannan na fara, domin a nan ake fara zalunci: a ɗauki maza biyu, a ce wa Hadiza ta zauna ta taya kaka aiki. In kuɗin bai isa kowa ba, a jira baɗi.

Ka ɗauki takardar haihuwar kowane yaro, ka sa a leda, ka riƙe a jikinka. Tsakanin Malanvil da Kandi da Paraku da Bohicon akwai shingayen 'yan sanda, kuma saboda fataucin yara suna da hujjar tambayarka wane ne wannan a wurinka. In ka ɗauko ɗan ɗan'uwanka, ka karɓo yardar ubansa a rubuce. Kada ka yi fushi da mai tambayar, ɗanka yake karewa.

Kada ka yi tafiyar a zama ɗaya don tsimin jaka biyu ko uku. Ku kwana a Paraku, ku tashi da asuba. Kada ku shiga motar dare.

Kada wani ya ruɗe ka da cewa ku fara ratsawa gandun dajin W tunda yana kusa da gida. A watan Fabrairun 2022 nakiyoyi sun kashe masu tsaron dajin, a watan Afrilun 2025 kuma an kashe sojoji 54 a harin da aka kai yankin. Giwaye za su jira, babu inda za su.

In kun isa Kwatano, ka sauka a unguwar Zongo. Nan za ka ji Hausa, nan babban masallaci yake, nan uwargida za ta sami tuwo da nama ba tare da ta tsaya tambayar wa ya yanka ba. In kun fita wajen unguwar, ka tambayi abin da ke cikin tukunya kafin a zuba, da ladabi, ba da yatsine fuska ba. Ran farko kuma ka rubuta sunanka da lambar wayarka da sunan masaukinku, ka sa a aljihun kowane yaro. Yaron da ya ɓace a Malanvil, kafin la'asar wani ya gane ɗan gidan wane ne. A Kwatano Fon da Faransanci ake ji, kukansa da Dandanci ba zai kai shi gida ba.

Kada ka jera yara uku a bayan zem ɗaya, wato babur ɗin haya. Masu rawayar rigar nan gwanaye ne, amma titin ba irin namu ba ne, kuma tun watan Maris na 2024 ana kama fasinjan da bai sa hular kwano ba. Ka ɗauki taksi, ka biya.

Yanzu ga wanda ya fi duka nauyi. Kada yaro ya shiga teku. Ko ƙafa kada ya tsoma sai hannunsa yana cikin naka. Na san abin da za ka ce: ɗana ɗan bakin kogin Kwara ne, tun yana shekara shida yake tuƙa kwalekwale, yana ninƙaya har tsakiyar kogi. Wannan alfaharin shi ne abin tsoron. Kogi gefe guda yake gudu, kana ganin inda ya nufa, ka san inda za ka tare wanda ya kwasa. Tekun Fidjrossè da na Wida kuwa igiyarsa tana dukan gaɓa, sannan ta koma ciki ta ƙasa da ƙarfi, ta zare yashin da ke ƙarƙashin ƙafarka. Mutum yana tsaye ruwa iya gwiwa, sai a nemi shi a rasa. A watan Agusta, lokacin hutun nan naku, tekun ya fi hauka. Ruwa ba sa'an kwando ba ne. Ke uwargida, kada ki juya wa teku baya kina ɗaukar hoto, kuma kada ki ɗora wa babbar ya tsaron ƙannenta a bakin ruwa, ita ma yarinya ce. Ku zauna can sama kan busasshen yashi, ku sha ruwan kwakwa, ku kalla. Ya isa.

In kuna son ruwa, ku je Ganviye. Daga Abomey-Calavi ake shiga jirgi a ratsa tafkin Nokoué zuwa garin da aka kafa a kan turaku, inda kakannin mutanen Tofinu suka fake wa masu kamun bayi. Ka nemi rigar ruwa ga kowane yaro kafin a tashi. Kada ka ɗora wa matan da ke cin kasuwa a kwalekwale waya a fuska ba da izininsu ba, gidansu ne ka shigo.

Kada ka mai da hutun yara fatauci. Na tsani ganin uba ya ja yara kwana uku cikin cunkoson kasuwar Dantokpa yana taya atamfa da kayan babur, sannan ya dawo yana cewa ya kai su yawon buɗe ido. Ka ware wa sayayyarka rabin yini, ka bar su a masauki da uwarsu.

Ka kai su gaban mutum-mutumin Amazon, mai tsayin mita 30, wanda aka buɗe a 2022, ka gaya wa 'yarka cewa mata sun riƙe bindiga a rundunar Dahome. Ka kai su shataletalen filin jirgin sama su ga Bio Guéra a kan dokinsa, ɗan Borgu ne, mutumin arewa, wanda ya yaƙi Faransa har aka kashe shi a 1916. Kada ka tsaya a ɗaukar hoto, ka buɗe baki ka yi bayani. Kusa da fadar shugaban ƙasa da barikin soja kuwa, wayarka ta koma aljihu.

A Wida, ku bi hanyar bayi, wajen kilomita 4 daga gari zuwa Ƙofar Ba Dawowa da aka gina a 1995. Kada yara su yi ta guje-guje da shewa a wurin. Ka gaya musu akwai Hausawa cikin waɗanda aka loda a jiragen ruwa daga wannan gaɓa zuwa Bahia ta Brazil, Musulmi masu karatu da rubutu, kuma Musulmin Bahia sun yi tawaye a 1835. In kun tsaya fadojin sarakunan Abome a hanyar dawowa, kada ka ɓoye musu ɗaya gefen: cikin sojojin da Kanar Dodds ya ci Sarki Béhanzin da su a 1892 akwai rundunar da ake kira ta Hausawa. Yaro ya ji duka biyun daga bakin ubansa. A yaƙin nan aka kwashe kayan fada, sai a watan Nuwamban 2021 Faransa ta maido guda 26.

Ɗakin mesa na Wida wurin bautar wasu ne. In ba ka son shiga, ka wuce salin-alin. Kada ka tofar da yawu, kada ka bar yaro ya yi ba'a, kada kuma ka tilasta a rataya wa mai tsoro maciji a wuya don hoto.

Kada ka bar ko yaro ɗaya a Kwatano. Za a sami wata 'yar uwa ko abokin ciniki da zai ce, "Alhaji, bar mini wannan, zan sa ta lakwal, ta ɗan taya ni aikin gida." Mutanen kudu suna kiran irin waɗannan yara vidomègon, za ka kuwa gan su a kasuwa da tire a ka, a lokacin da sa'anninsu ke cikin aji. Ka ce a'a, ko da za a ji haushinka, ko da goggonka ce ta roƙa. Ka yanki tikitin dawowa na kowa tun ran da kuka isa, ku iso Madekali mako guda kafin a koma lakwal, kafin ambaliyar Kwara ta ɓata hanyar da ta taso daga Malanvil.