Ciwon Gaɓoɓi A Jikin Matasa: Abin Da Ya Kamata A Sani Kafin A Sayi Maganin Indiya

'Yan uwa mata, darasinmu na kiwon lafiya a wannan fitowa ya shafi ciwon gaɓoɓi, amma ba irin na kakanninmu da shekaru suka ja ba. Muna magana ne a kan yarinya 'yar shekara 16 da ke ɗingishi, ko saurayi ɗan shekara 25 da ba ya iya tsugunawa, ko amaryar da zaman tahiya ya gagare ta saboda ƙugu. Irin waɗannan ba sa wuyar samu a Rano da Rurum, ko Kibiya da Tarai. Sau da yawa abin da ake cewa a gida shi ne "sanyi ne," daga nan sai a shiga neman magani. A 'yan shekarun nan kuma an sami ƙarin wani kaso cikin magungunan da ake talla a waya da shagunan sayar da maganin gargajiya, wato na Indiya da ake kira Ayurbeda.

Mene ne Ayurbeda?

Tsohon tsarin magani ne na ƙasar Indiya, wanda littattafansa na asali suka kai kimanin shekara dubu biyu. Har yau ana koyar da shi a kwalejoji a can, kuma a shekarar 2014 gwamnatin Indiya ta kafa ma'aikata guda da ke kula da shi tare da sauran hanyoyin maganin gargajiya. Masu wannan ilmi suna ganin jiki yana tafiya ne bisa daidaiton abubuwa uku: bata, pitta da kafa. Ciwon zaizayewar gaɓa suna danganta shi da rinjayen bata, wanda suke siffanta shi da sanyi da bushewa. Saboda haka maganinsu ya karkata ga ɗumi da maiƙo: tausa da man riɗi mai ɗumi, gashi, gyaran abinci, motsa jiki, sai kuma haɗe-haɗen itatuwa.

Duk wadda ta tashi a ƙasar Hausa za ta ji wannan bayani bai yi mata baƙo ba. Mu ma ai sanyi muke cewa, mu ma gashi da tausa muke yi. Kusancin ma ya wuce nan. Babban itacen da suke ji da shi wajen ciwon gaɓa, wanda suke kira shallaki, ɗan uwan hano ne, wato ararrabi, bishiyar nan mai son wuraren duwatsu wadda iyayenmu ke dafa ɓawonta. Ƙaron da suke kira guggul kuma daga dangin dashi yake fitowa. Sauran kuwa kurkum ne da citta, waɗanda ke cikin kicin ɗin kowace uwargida. Wato wani lokaci abin da ake sayar mana da tsada cikin kwalba mai rubutun Indiyanci, danginsa na nan a bayan gari.

Shin yana aiki? A nan sai a yi adalci. An yi bincike na gaskiya a kansa. A shekarar 2013 an wallafa wani gwaji da aka yi a Indiya a kan mutum 440 masu ciwon zaizayewar gwiwa, inda aka ga wasu haɗe-haɗen Ayurbeda sun rage zafi kusan daidai da magungunan asibiti da aka gwada su da su, ko da yake gwajin hantar wasu daga cikin waɗanda suka sha ya nuna canji. A 2018 kuma likitoci a Balin ta ƙasar Jamus suka fitar da nasu sakamakon a kan mutum 151, su ma suka ga sauƙi a wurin waɗanda aka yi wa tausa da sauran tsarin. To amma a lura da abu biyu. Waɗanda aka yi gwajin Jamus da su manya ne, daga shekara 40 zuwa sama, masu ciwon gwiwa irin na girma. Na biyu, abin da aka auna shi ne raguwar zafi da sauƙin tafiya. Babu inda aka nuna cewa guringuntsin da ya cinye ya dawo, balle ƙashin da ya mutu.

Me ke cinye gaɓar matashi?

Gaɓa mahaɗar ƙashi biyu ce, kan kowanne lulluɓe da guringuntsi mai santsi. A jikin tsoho, shekaru da nauyi ne ke goge wannan santsi a hankali. Matashi kuwa bai yi shekarun da gaɓarsa za ta goge haka kawai ba. In ta lalace, akwai abin da ya lalata ta, kuma gano wannan abu shi ne rabin magani.

Na farko a ƙasarmu shi ne amosanin jini, wato sikila. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haifar jarirai kimanin 150,000 da wannan ciwo a Nijeriya kowace shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da ƙwayar AS. Kowa ya san tashin ciwon da ke sa mai sikila kuka da ƙashi na 'yan kwanaki. Abin da ba a cika sani ba shi ne ɓarnar da ke tafiya a ɓoye. Kan ƙashin cinya, wanda ke shiga cikin kwatangwalo kamar taɓarya a turmi, 'yan siraran jijiyoyi ne ke kai masa jini. Ƙwayoyin jinin sikila masu siffar lauje sukan toshe su, sai ƙashin ya rasa abinci ya mutu daga ciki, daga baya ya lotsa, gaɓar ta tashi daga aiki. Yakan fara ne tun ana 'yan shekara goma sha, kuma wasu binciken sun nuna kafin shekara 35 abin yakan shafi kaso mai yawa na masu ciwon. Masu SC ma, waɗanda sau da yawa ake ganinsu garau, ba su tsira ba.

Alamarsa ita ce zafi a matsematsi ko ɗuwawu mai sauka cinya. Wani lokaci ma a gwiwa kaɗai ake jinsa, sai a yi ta shafa wa gwiwa magani alhali ɓarnar tana ƙugu. Sai ɗingishi, da wahalar buɗe ƙafa ko tsugunawa a banɗaki, daga baya ƙafa ɗaya ta fi ɗaya gajarta.

Na biyu, kuma wannan ya fi shafar 'yan matanmu da amare, shi ne maganin ƙiba. Ƙwayar deksametason da danginta, da ake kira "sha ka fashe," likita yana ba da su ne don wasu cututtuka, da awo, na ɗan lokaci. Yarinyar da ta yi watanni tana sha don ta ciko kafin biki, fuska za ta yi kumbo, amma suga da hawan jini na iya biyo baya, ƙashi ya yi rauni, kuma irin mutuwar kan ƙashin cinyar nan da muka faɗa tana iya samunta ko da jininta AA ne. Wallahi abin takaici ne a ce uwa ko yaya ce da kanta take sayo wa yarinya.

Akwai sauran dalilai da za mu ambata a gurguje. Tsohon targaɗe ko karayar da ta shiga cikin gaɓa aka ɗora ta a karkace. Maɗoranmu suna da gwaninta, amma ba sa ganin cikin gaɓa. Tarin fuka, wanda ba huhu kaɗai yake kamawa ba, yana cin ƙashin baya da ƙugu, kuma maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati. Akwai ciwon da garkuwar jiki ke far wa gaɓoɓi, wanda ya fi kama mata, yatsu su kumbura su sandare da safe. Sai kuma ƙwayar cuta da ke shiga gaɓa ta tara ruwa. Wannan na ƙarshe ba ya jira: yaron da gaɓarsa ta kumbura ta yi zafi, ga zazzaɓi, ya ƙi taka ƙafa, a ranar za a kai shi asibiti, domin cikin 'yan kwanaki guringuntsin ke narkewa.

Kin ga ke nan ciwo ɗaya a baki, amma dalilai sun kai shida, kowanne da maganinsa. Kwalba ɗaya ba za ta game su ba, ko daga ina ta zo.

Abin da ke cikin kwalbar

Wani reshe na Ayurbeda da gangan yake sa ƙarafa da aka ƙona a cikin magani, bisa imanin cewa ƙunar ta tsarkake su. A wani bincike da aka wallafa a shekarar 2004, likitoci a birnin Boston na Amurka sun sayi irin waɗannan magunguna guda 70 daga shaguna suka auna, suka tarar 14 na ɗauke da dalma ko zaiba ko asenik. Da suka sake gwada waɗanda ake sayarwa ta intanet, a binciken da aka wallafa a 2008, nan ma kusan ɗaya cikin biyar ne. Mu a Arewa ba sai an yi mana dogon bayani a kan gubar dalma ba, tunda mun ga yadda ta hallaka yara sama da 400 a Zamfara a 2010. Tana rage jini, tana taɓa ƙoda da ƙwaƙwalwa, tana kuma ratsawa zuwa ga ɗan tayi. A duba mai sikila da dama jininsa kaɗan ne, a ce an ƙara masa wannan.

Matsala ta biyu ba ta Indiya kaɗai ba ce, har da haɗin gida da ake sayarwa a mota da lasifika ranar kasuwa. Hukumomin magunguna a ƙasashe da dama sun sha kama "maganin itatuwa" na ciwon gaɓa da aka cakuɗa da deksametason ko dikilofenak a ɓoye. Shi ya sa in aka sha, kwana biyu mutum ya miƙe kamar ba shi ba, a yi ta sa wa mai magani albarka. Zafin ne aka danne, shi kuwa mai ciwon sai ya koma ɗaukar kaya da doguwar tafiya a kan ƙashin da ke rubewa. Ni a ganina duk maganin gargajiyar da ya ɗauke tsohon ciwo cikin dare ɗaya abin tuhuma ne. Lambar NAFDAC da ke jikin maganin itatuwa kuma, in ma ta gaske ce, ba shaida ba ce cewa yana warkar da abin da aka lissafa a takardar.

Ko tsantsar itacen ma yana da iyaka. Ashwaganda, wadda ake yawan sawa a haɗin ƙarfin jiki da gaɓoɓi, an samu rahotannin ta taɓa hantar wasu, kuma ba a yarda mai juna biyu ta sha ba. Kurkum a miya ko a shayi ba shi da laifi, amma ƙwayoyinsa masu ƙarfi da ake haɗawa da masoro su ma an danganta su da ciwon hanta a wasu mutane.

Kada a ɗauka ana raina itatuwa ne. Cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta taɓa fitar da maganin rage tashin sikila mai suna Niprisan daga haɗin gargajiya da ya ƙunshi masoro da kanumfari da ganyen wata irin dawa. Bambancin shi ne an auna shi, an gwada shi a kan marasa lafiya, an san adadin da ake sha.

To yaya za a yi?

Matashin da ciwon gaɓa ya wuce masa mako biyu zuwa uku, ko yake ɗingishi, a fara da Babban Asibitin Rano ko asibiti mafi kusa, a nemi gwajin jinotayif in ba a taɓa yi ba, da hoton ƙashi. In ƙugu ake zargi, a ɗauki hoton ɓangare biyun, domin sau da yawa ciwon yakan kama duka. A sani kuma hoton farko yana iya fitowa lafiya lau alhali ɓarna ta fara. Na'urar MRI ce ke gani da wuri, sai a nemi takardar turawa zuwa Asibitin Ƙashi na Dala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. A tafi da duk kwalaben da ake sha, na kemis da na gargajiya, a nuna wa likita ba tare da jin kunya ba. Wadda ta daɗe tana shan "sha ka fashe" kada ta yanke shi rana ɗaya, yin hakan na da haɗari, likita ne zai riƙa rage mata a hankali.

In an tari abin kafin ƙashi ya lotsa, akwai dabaru: rage wa ƙafar nauyi da sandar dogarawa, gashin ƙashi a wurin ma'aikatansa, wani lokaci ƙaramin aikin huda ƙashin don rage matsi. Mai sikila kuma ya riƙe asibitinsa, ya yawaita shan ruwa, ya kiyayi sauro da sanyin hunturu, a kuma tambayi likita ko maganin haidiroksiyuriya ya dace da shi. In ya riga ya lotsa, sai aikin canjin ƙugu, wanda ake yi a Dala, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin yawancin gidaje, kuma ƙugun roba da ƙarfe yana da wa'adi, wanda aka sa wa yana matashi zai iya buƙatar a sake masa.

Tausa da man riɗi mai ɗumi, gashi da tsumma, citta da kurkum a abinci, duk ana iya ci gaba da su tare da maganin asibiti, in dai gaɓar ba ta kumbura ta yi zafi ba. Tsaga da sakiya a kan gaɓa kuwa a bar su, haka ma ƙaho ga mai sikila sai da izinin likitansa, saboda jinin da zai zubar ba shi da rararsa. Ibuprofen da dikilofenak na kemis ma ba abin sha kullum ba ne, suna jawo gyambon ciki suna kuma gajiyar da ƙoda.

Tun shekarar 2024 dokar Jihar Kano ta wajabta gwajin lafiya kafin ɗaurin aure, har da na jinotayif. Malamai mata a Islamiyyoyinmu su riƙa fayyace wa ɗalibai lissafin: AS da AS in suka yi aure, kowane ciki da aka ɗauka yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS, kuma lissafin sabo yake komawa a kowane ciki, ko da na baya ya zo lafiya. Gara a yi gwajin tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, a kuma yi shi a asibitin da aka amince da shi.