Darasi: Goyo Da Barcin Jariri

Jariri sabon haihuwa yakan yi barcin awa 14 zuwa 17 a kwana ɗaya, kuma da yawansa a bayan uwa yake yi, tana daka ko tana hanyar rijiya. Saboda haka a zaɓi zanen goyo na auduga mai ƙwari. Yadi mai santsi kwancewa yake yi, ga shi da zafi.

Kafin wata 4 wuyan jariri bai tsaya ba. Zane ya tallafe ƙeyarsa, fuska ta juya gefe, hanci a sarari. Idan haɓarsa ta faɗa kan ƙirji, numfashi kan toshe ba tare da ya yi kuka ba. Shi ya sa lulluɓe shi da mayafi har ka yake da haɗari, ko da hunturu ake yi.

In an sauke shi, a kwantar da shi rigingine, ba rub-da-ciki ba, har ya shekara. Shimfiɗa mai tauri, ban da matashi, cikin gidan sauro, nesa da hayaƙin murhu. Kakanni kan ji tsoron kada ya ƙware da tumbuɗi. Amma in yana rigingine hanyar iska ce a sama, ta abinci a ƙasa, sai ya haɗiye abinsa.