DARASI: INA AKE ƘERA SULALLAN DA KE ALJIHUNMU?

 Kullum muna karɓar canji a Nima da Mamobi, mu zuba a aljihu, mu wuce kara a Ashaiman. To, waye maƙerin sulallan nan, kuma da wane ƙarfe?

Mu fara da zamanin Turawa. A 1912 aka kafa hukumar kuɗi ɗaya don Gwalkwas da Nijeriya da Saliyo da Gambiya. Sule da sisi da taro da kwabo mai huda, galibi a Ingila aka buga su, wasu a Landan, wasu a Bamingam. Sulen farko na 1913 azurfa ne. Da azurfa ta yi tsada, a 1920 aka koma tagulla. Ai kun ji mafarin canje-canjen.

Gana ta fito da sidi a 1965. Sunan kansa wuri ne da bakin Akan, wato kuɗin kakanninmu. Amma ƙasar ba ta da maƙerar sulalla. Babban Bankin Gana kan ba da aikin ne a waje. Sulallan 2007 ƙarfe ne aka yi wa shafe: fesuwa 1 da jan ƙarfe, 5 zuwa 50 da nikal mai fari. Ku kara musu mayen ƙarfe, za su manne. Sidi 1 mai launi biyu ne, sidi 2 kuwa ya fito a 2019.

Tsabar sefa da muke kamawa in mun haye Paga, a Pessac ta Faransa ake buga ta. Nijeriya kuwa tana da nata kamfanin buga kuɗi tun 1963.

Ga darasin. Darajar sulallan yanzu ba a ƙarfensu take ba, a hatimin hukuma take. A 2007 tsohon sidi 10,000 ya zama sabon sidi 1, wanda ya binne tsaba a tukunya bai canja ba, ya tashi da ƙarfe kawai. Haka kuma duk wanda ya tallata muku tsohon kwabon Turawa wai akwai zinari a ciki, ku riƙe kuɗinku, babu ko ƙwaya.

Saboda haka mu duba canji kafin mu tashi, mu kashe tsabar kowace ƙasa kafin mu ƙetare iyakarta, don 'yan canji ba su cika karɓar tsaba ba. Ajiyar bafatake dai saniya ce. Allah ya ba mu kasuwa, amin.