Barcin Allura da Numfashi: Nazarin Kalmomi a Ɗakin Leƙen Ciki

A bakin Basakkwace, ko a Gidan Dahala ko a sauran unguwannin birnin, wanda aka yi wa allura kafin a zura masa bututu mai kyamara ta baki don duba maƙoshi da tumbi, cewa ake yi "yana kwana". Wannan aiki, wanda likitoci ke kira endoskofi, ana yin sa a manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Sai dai kalmar "kwana" ko "barci" tana ɓoye wani haɗari.

Magungunan da ake bayarwa, kamar midazolam da propofol, suna rage kuzarin sashen ƙwaƙwalwa mai tafiyar da numfashi, suna kuma sassauta tsokar maƙogwaro har harshe ya koma baya ya tsuke hanyar iska. Saboda haka minshari, wanda Bahaushe ke ɗauka alamar barci mai daɗi, a wannan ɗaki gargaɗi ne.

Na'urori biyu ake dogara da su. Ta farko ita ce ma'aunin yatsa, wanda Takuo Aoyagi na Japan ya gano tushensa a shekarun 1970. Tana nuna yawan iskar oksijin a jini, kuma idan adadin ya sauka ƙasa da kashi 90 an shiga hatsari. Rauninta shi ne jinkiri. Majiyyacin da aka ƙara wa oksijin ta hanci zai iya daina numfashi na ɗan lokaci alhali lambar ba ta motsa ba. Ta biyu tana auna iskar kabon da ke fita da kowane numfashi, don haka da zarar numfashi ya tsaya, zanen da ke kan allo yakan miƙe. Tun 2011 ƙungiyar likitocin sa barci ta Amurka ta shigar da wannan awo cikin ƙa'idojinta na irin wannan barci.

Abin da ya shafi manazarcin harshe shi ne Hausa ta riga ta rarrabe haki da sheƙa da shaƙewa da ɗaukewar numfashi, kuma kowace na da ma'anarta a wajen ma'aikacin jinya. Babba mai lafiya yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti. Ɗan'uwan da ke zaune gefen gado bayan an gama aiki, idan aka ce masa majiyyaci "yana kwana", zai bar shi ya huta. Idan aka ce ya lura da tashin ƙirji, ya kira malamin asibiti in minshari ya tsananta ko ya yanke kwatsam, an ba shi aikin da zai iya yi.