Gina Duniyar Almara Domin Wasan Kwaikwayo na Zaune: Darasi Daga Gwandu da Kalgo

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda ake ƙirƙirar duniyar almara domin wasan kwaikwayo na zaune, da yadda ake neman tsokaci a kanta, ta auna hakan da yanayin Gwandu da Kalgo a Jihar Kebbi. Ta nuna cewa maƙirƙiri Bahaushe yana da wadatar kayan gini. Abin da zai ba shi wuya shi ne sanin iyakar abin da al'umma za ta yarda a yi wasa da shi, kuma daga bakin masu tsokaci ake sanin wannan iyaka.

1.0 Gabatarwa

Wasan kwaikwayo na zaune shi ne wanda mutane kaɗan kan zauna wuri ɗaya, kowa ya ɗauki matsayin wani gwarzo, jagora kuma ya bayyana musu halin da suke ciki. Ɗan wasa ya faɗi abin da gwarzonsa zai yi, sannan ƙa'ida ta yanke ko ya yi nasara, galibi ta hanyar jefa ƙwaya irin ta lido. Wanda ya fi shahara shi ne Dungeons & Dragons, na Gary Gygax da Dave Arneson, wanda ya fito a Amurka a 1974. Tushensa ƙirar gida ce, domin Arneson ya fara ne da duniyar Blackmoor da ya ƙirƙira wa abokansa. Daga baya an sami duniyoyin da suka jingina da Afirka, kamar Nyambe a 2002 da Spears of the Dawn a 2013, sai dai da Ingilishi aka rubuta su. Tambayar ita ce: idan ɗalibi a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda mazauninta na dindindin yake a Kalgo, ya so gina tasa da Hausa, me zai tarar?

2.0 Makusantansa a Al'adar Hausawa

Sassan wannan wasa ba baƙi ba ne. A wasan kalankuwa, bayan kaka, samari kan naɗa sarki da alƙali da sauran masu muƙami, kowa ya riƙe matsayinsa. A wasan gauta, matan fada kan kwaikwayi sarki da fadawansa. Tatsuniya, wadda ake kira gatana a karin harshen yamma, tana da duniya tsayayya: kowa ya san wayon Gizo, ya san Ƙoƙi, ya san Dodo, kuma mai ba da labarin da ya sauya musu hali zai sha gyara daga yara nan take. Dara kuwa tana da ƙa'ida tsantsa: gurabe 30, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12. Sabon abu a wasan zaune shi ne haɗa matsayi da labari da ƙa'ida a zama ɗaya.

3.0 Kayan Gini

Duniyar wasa tana buƙatar taswira da tsarin mulki da sana'o'i da abin da ake jayayya a kai. Yankin ya tanadi dukkansu. Akwai fadamar Gulbin Kebbi da shinkafarta, da Sarkawa masunta, da Fulani makiyaya, da fatake. Akwai labaran Muhammadu Kanta na ƙarni na 16 da ganuwar Surame. Akwai Gwandu a matsayin garin ilimi, inda Heinrich Barth ya sami kwafin Tarikh al-Sudan a 1853, zamanin Sarki Halilu. Daga nan maƙirƙiri zai iya fitar da gwarazan da ba aro ba: masunci mai sanin sirrin ruwa, almajiri mai yawon neman littafi, maharbi, maƙeri, jakadiya. Ambaliya da rani ma suna iya zama ƙa'ida, ta yadda hanyar da aka bi da ƙafa a bazara sai da jirgi a damina.

4.0 Iyakoki Biyu

Iyaka ta farko ta shafi tarihi. Shehu Usmanu da jama'arsa sun zauna a Gwandu a 1805 bayan cin Birnin Kebbi, kuma a 1812 aka damƙa wa Malam Abdullahi ɗan Fodiyo yammacin daula. Hubbarensa yana Gwandu, zuriyarsa ke sarautar masarautar, littattafansa ana karanta su a zaure. Kabawa kuma suna da nasu tarihin: sun kafa Argungu, sun yi tawaye ƙarƙashin Yakubu Nabame a 1849, aka daɗe ana gwabzawa. A wasan zaune ƙwaya ke yanke sakamako, saboda haka duk wanda aka sanya cikin wasa ana iya kayar da shi ko a sa masa maganar da bai faɗa ba. Yin haka ga malamin da ake ziyartar kabarinsa, ko mayar da ɗaya daga ɓangarorin biyu maƙiyan da ake kashewa don a ci maki, zai iya raba abokan wasa tun zaman farko.

Littafin Ganɗoki na Bello Kagara, wanda ya fito daga gasar 1933, ya haɗa yaƙin Turawa da ƙasar aljannu, amma gwarzonsa ƙagagge ne kuma alƙalami na hannun marubuci shi kaɗai. A wasa, alƙalamin yana hannun mutum biyar ko shida. Mafita ita ce a ɗauki tsari a bar suna: a ƙirƙiro gari mai malamai da gari mai masunta, a ba kowanne hujja da mutunci, a sa musu sunayen da babu su a taswira.

Iyaka ta biyu ta shafi ƙwaya. Bahaushe ya san caca da wuri, kuma malamai suna kafa hujja da hadisin da ya yi hani ga wasan nardu. A garin malamai, ganin matasa suna jefa ƙwaya ya isa ya jawo zargi ko da ba kuɗi a tsakani. Dara ta nuna cewa wasa yana iya tsayawa ba tare da sa'a ba. Ana iya ba kowane ɗan wasa tsakuwa ƙidayayyu da zai kashe a kan abin da yake so ya cimma, ko a warware takaddama da kacici-kacici, wanda ke ƙara wa wasan armashi da koyar da harshe.

5.0 Neman Tsokaci

Masu tsokaci iri uku ne, kuma kowanne da abin da ya kamata a tambaye shi. Masani tarihi da addini a tambaye shi: wane suna ko wane al'amari ne bai dace ya shiga wasa ba? Mai sana'a, kamar masunci ko makiyayi, a tambaye shi ko abin da aka faɗa a kan aikinsa haka yake. 'Yan wasa kuwa aikinsu ya fi bakinsu gaskiya, don haka a lura da inda suka yi shiru, da inda suka yi gardama, da gwarzon da babu mai son ɗauka.

A nan kunya da kara suna da tasiri. Idan aka tambayi aboki ko abu ya yi kyau, amsar da za a samu ita ce madalla. Tambaya mai amfani ita ce mai neman zaɓi: cikin garuruwan nan biyu, wanne za a cire? Haka kuma ya kamata a ji daga Bagwandu da Bakabe, kowa shi kaɗai, kafin a haɗa su zama ɗaya, domin abin da ɗaya bai lura da shi ba shi ne zai fara tsone wa ɗayan ido. Ya fi kyau a gabatar da gari ɗaya da rikici ɗaya a shafi biyu, maimakon kundin tarihin daula da babu mai karantawa, saboda gyara yana da sauƙi tun gini bai yi nisa ba.

6.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa kalankuwa da gatana da dara sun riga sun shimfiɗa wa wannan wasa tabarma, kuma tarihin Gwandu da Kebbi ya isa a gina duniya da shi muddin an sauya sunaye an kiyaye mutuncin magabata. Ga manazarta, zaman irin wannan wasa fage ne na nazarin adabin baka yayin da ake ƙirƙirarsa, inda za a ga yadda masu sauraro ke gyara mai ba da labari, da kalmomin da matasa ke zaɓa wa sarauta da sihiri da yaƙi idan aka bar su su gina da kansu.